Kafin ka zuba jarinka duka a had-dis ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon tura finafinai da karatu da wa'azi a waya a Kano, kuma masu ɗaukar bidiyon biki suna ba ni ajiyar aikinsu. Ƙananan had-dis (faifan ajiyar bayanai na kwamfuta) biyar gare ni masu tera (ma'aunin girman ajiya) ɗaya-ɗaya, duk sun cika, ɗaya ma ya fara ƙara ƙas-ƙas. Na tara kuɗin babba mai tera 8. In saya in juye komai a ciki in sayar da tsofaffin?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Fara da mai ƙas-ƙas ɗin nan. Daga yau kada ka ƙara tura wa kowa kaya daga cikinsa. Allurar da ke karanta faifan ce ke kokawa, kuma duk kunnawar da ka yi kana rage masa kwana. Ranar da sabon ya zo, shi za ka fara kwashewa.

Sayen babba ba laifi ba ne. Sayar da tsofaffin ne ban yarda da shi ba. Jarinka ba ƙarfen ba ne, abin da ke cikinsa ne, kuma kaya iri biyu ne a hannunka. Fim da waƙa in sun salwanta, za ka bi abokan sana'a ka sake tarawa, asarar lokaci ce da kuɗin data. Bidiyon biki kuwa amana ce. Ranar da amarya ta aiko ƙaninta da filash bayan shekara biyu, ka jona had-dis, kwamfuta ta ce sai an wanke shi, ba ka da inda za ka samo wani kamu ko wata walima. Don haka huɗun nan masu lafiya su zama kwafi na biyu. Ka ware biyu mafi lafiya ga bidiyon biki, duk Juma'a ka kwafa sabon aiki a ciki, su riƙa kwana a gida. Gobarar kasuwa da ɓarawo ba sa tambayar wanne ne asali wanne ne kwafi, in dai a aljihun tebur ɗaya suke.

Wajen lissafi, raba farashi da yawan tera, ka ga nawa kowace tera ta kama, da haka ake kwatanta mai 4 da mai 6 da mai 8. Kuma kada ka ce an cuce ka idan ka ga mai tera 8 ya nuna 7.27 a Windows, mai 6 ya nuna 5.45. Bambancin ƙirga ne tsakanin kamfani da kwamfuta. In kuɗinka ba zai kai babban da UPS (na'ura mai batir da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke) tare ba, ni dai da ni ne, sai in sauko mai tera 6 in haɗa da UPS. Ɗauke wuta ana tsakiyar kwafi, da fizgar da ake samu lokacin juyawa zuwa janareta, su ne manyan abokan gaban had-dis a shagunanmu.

Kamfanoni uku ne kacal suka rage masu ƙera had-dis a duniya: Seagate, Western Digital da Toshiba. Ko wane suna ka gani a jikin kwandon da aka rufe had-dis ɗin a ciki, ɗayansu ne a ciki. Abin dubawa shi ne salon rubutunsa, CMR ne ko SMR. A CMR kowane layin bayanai zaman kansa yake. A SMR layukan bayanai hawa kan juna suke kamar jerin kwanon rufi, in za a gyara ɗaya sai an taɓa maƙwabtansa, shi ya sa za ka ga kwafi ya fara da gudu, can sai ya koma tafiyar hawainiya. Don ajiya a kabad ba shi da aibu. Amma wanda zai wuni yana aiki, ana zubawa ana gogewa, nemi CMR, irin WD Red Plus, Seagate IronWolf ko Toshiba N300. Ka lura da kalmar Plus ɗin nan, domin a 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce da aka gano wasu WD Red ɗin SMR ne. Waɗannan masu inci 3.5 ne, ko dai a ɗaura su cikin kwamfutar tebur, ko a sa su a kwando mai nasa abin jona wuta.

Kada ka biya kuɗi sai an jona a gabanka. Tafi da manhajar CrystalDiskInfo a filash, kyauta ce, za ta nuna awoyin da ya yi yana aiki da lafiyarsa. In an ce maka sabo ne ka ga awa dubbai, ka san na hannu ne aka goge masa jiki. In ta nuna ruwan ɗorawa maimakon shuɗi, ajiye musu kayansu ko da rabin kuɗi ne. Ka kuma duba lambar jikinsa a shafin kamfanin ko garantin na nan, sannan a rubuta maka sharaɗin canji a rasit. Ɗan mitsitsin nan da ake tallatawa wai SSD (ma'ajiyar bayanai marar faifai) mai tera 16 a kuɗin katin waya, sau da yawa memori ne aka liƙa a cikin kwando. Manhajar H2testw tana tona asirinsa.

In ka kawo shi shago, sama masa wuri ɗaya inda iska ke ratsawa, nesa da gwiwar masu jiran a tura musu. Zafin Afrilu a shagon kwano da ƙurar hunturu sun ishe shi, kada a ƙara masa da jijjiga. Yaron shago kuma ya saba fitar da shi ta kwamfuta kafin ya zare waya.

Masu bidiyon nan kuwa, nawa suke biyanka kuɗin ajiya? In kyauta kake yi, yanka musu wani abu a kan kowane biki, ko da kaɗan ne, ka riƙa warewa daban. Da shi za ka sayi had-dis na gaba kafin wannan ya cika.