Ɗana Ya Duƙufa Kan Manga Na Samarin Kiɗan Rok, In Ƙwace Wayar?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ɗana shekararsa 16, yaro ne mai shiru-shiru, ba ya yawo, abokai ma kusan ba shi da su. Yana zuwa Islamiyya, ya haddace izu goma sha biyu. Watannin nan ya duƙufa kan waya yana karanta labarai masu zane na mutanen Japan da ake kira manga. Da na matsa masa, sai ya ce labarin wasu matasa ne da suka kafa ƙungiyar kiɗan rok. Makon jiya ya tambaye ni kuɗin jita. Hankalina ya tashi. Mene ne hukuncin karanta su? In ƙwace wayar ne?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya shirya mana zuriya, ya saka maka da alheri da ka tambaya kafin ka zartar.

Malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san shi, don haka sai da na sa wani ɗalibina ya buɗe mini irin waɗannan littattafai muka duba tare. Abin da na fara lura da shi, daga dama ake karanta su zuwa hagu, kamar Larabci da ajaminmu, kuma yawancinsu baƙi da fari ne. Ya nuna mini wani shafi inda yaro ya buɗe baki zai rera waƙa gaban jama'a: shafi guda cur, ba kalma ko ɗaya, sai fuskokin masu sauraro sun yi tsit. Mai zanen ya bar wa mai karatu ya ƙirƙiro sautin a zuciyarsa. Ka riƙe wannan, domin a kansa rabin amsar take.

Tambayarka ta ƙunshi zane, da kiɗa, da abin da labarin ke koyarwa, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Zanen shi ne mafi sauƙi. Hadisan da suka tsananta kan masu yin sura, wato siffar abu mai rai, sun inganta a Bukhari da Muslim. Sai dai malamanmu Malikawa, kamar yadda Dardir ya fayyace a sharhin Muhtasar, sun keɓe haramcin ga sura mai inuwa wadda gaɓoɓinta suka cika, wato gunki ko mutum-mutumi. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango makaruhi ne a wurinsu, kuma suna kafa hujja da togaciyar da ta zo a hadisin Abu Ɗalha, “sai dai zane a jikin tufa”. Wasu mazhabobin sun fi tsanantawa, amma tsananin ya fi faɗawa kan mai zanawa da mai ratayewa don girmamawa. Yaron da ke duba hoto a fuskar waya bai shiga wannan narkon ba, muddin hoton ba na tsiraici ba ne.

Kiɗa kuwa, abin da ya shahara a mazhabobi huɗu shi ne haramcin kayan kiɗa masu tsirkiya da na busa, jita kuma mai tsirkiya ce. Hujjarsu hadisin Abu Malik Al-Ash'ari da ke cikin Bukhari, cewa za a samu wasu daga al'ummar nan da za su halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa, da kuma fassarar da Ibn Mas'ud ya yi wa “lahwal hadisi” a aya ta 6 ta Suratu Luƙman, cewa waƙa ake nufi. Risalar Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaure ma ta hana sauraron kayan wasa da waƙa. Ban ɓoye maka ba, akwai saɓani: Ibn Hazm ya soki isnadin hadisin ya halatta, Ibn Salah ya mayar masa da martani, a zamaninmu kuma Shaihu Yusuf Al-Ƙaradawi ya halatta da sharuɗɗa. Imam Gazali, duk da sauƙin da ya yi kan waƙa, ya cire masu tsirkiya saboda alamar mashaya ce. Ni ina kan maganar jumhuru, wato mafi yawan malamai, don haka ba na ba ka shawarar sayen jitar.

To amma hani ya faɗa ne kan bugawa da saurare da gangan. Takarda ba ta da sauti. Wanda ya karanta labarin makaɗi bai saurari kiɗa ba, kamar yadda wanda ya karanta labarin Ƙaruna bai yi ɗagawar Ƙaruna ba. Saboda haka ba zan ce karanta manga kan makaɗa haramun ne don kansa ba, domin haramtawa ba tare da dalili ba ita ma ƙarya ce ga Allah. Sai dai kusan duk wanda ya yi suna a cikinsu an mayar da shi fim ɗin zane da suke kira anime, a can kuma kiɗan yana nan da sautinsa. Daga shafi zuwa YouTube taku ɗaya ne.

Inda aikin yake shi ne cikin labarin, kuma a nan dole ka san sunan abin da ɗanka ke karantawa, don ba su taru sun zama ɗaya ba. A Japan kansu sun rarraba su: na yara maza, na 'yan mata, na manya. Akwai Beck na Harold Sakuishi, wanda ya fito daga 1999 zuwa 2008 cikin juzu'i 34, labarin ɗan shekara 14 da ba wanda ke kula da shi, ya koyi jita, ya yi aikin ƙarfi don ya samu kuɗin kayansa. Akwai haƙuri da naci a ciki, akwai kuma ashar da soyayya da zaman gidajen kiɗa na dare. Akwai K-On!, 'yan mata 'yan makaranta da shan shayinsu ya fi kiɗansu yawa. Akwai Nana na Ai Yazawa, da ya fara a 2000, wanda ke cike da zaman dadiro da sigari da giya da cikin shege. Wannan ba na yaro ba ne ko kaɗan. Akwai Given, wanda ginshiƙinsa soyayya ce tsakanin samari maza biyu. Waɗannan biyun na ƙarshe da ire-irensu haramun ne karanta su don nishaɗi, saboda suna ƙawata alfasha har zuciya ta daina ƙyamarta. Wanda ya kuɓuta daga tsiraici da ƙawata saɓo, karanta shi halal ne a asali, yana komawa makaruhi idan ya cinye lokaci, yana zama haram idan ya sa aka bar salla ko ya zama tsani zuwa abin da aka hana. Ka kuma lura da inda yake samo su. Shafukan da ke raba su kyauta galibi na sata ne, tallace-tallacen da ke gefensu sun fi labarin muni, kuma Majalisar Fiƙihu ta Duniya ta tabbatar a zamanta na Kuwait a 1988 cewa haƙƙin marubuci haƙƙi ne da shari'a ke karewa.

Yanzu bari in yi maka magana a matsayin uba irinka. Ka ce yaronka mai shiru ne, ba shi da abokai. Kusan duk waɗannan labarai kan irin wannan yaron aka gina su. Ɗaya daga cikinsu da ya yi tashe bayan fim ɗinsa na 2022, Bocchi the Rock!, labarin yarinya ce da tsoron mutane ya sa take shigewa cikin kabad tana koyon jita ita kaɗai awa shida kullum, tana fatan wata rana wani zai ce mata zo mu tafi tare. Ina kyautata zaton ɗanka kansa ya gani a wurin. Da ya tambaye ka kuɗin jita, wataƙila abin da yake tambaya shi ne ko shi ma akwai abin da zai iya wanda za a san shi da shi, a kuma samu mutum uku ko huɗu da za su jira zuwansa. Wannan buƙata halal ce, kuma mu iyaye da malamai mun yi sakaci da ita. Muna yaba wa yaro don ba ya fita, ba mu tambayar ko kaɗaici ne ke cinsa.

Shi ya sa ban yarda da ƙwace wayar a matsayin matakin farko ba. In ka ƙwace, zai ara a makaranta, kuma ba zai sake gaya maka gaskiya ba, alhali wannan karon da ka tambaye shi bai ɓoye ba. Annabi (SAW) ya ce tausasawa ba ta shiga abu face ta ƙawata shi, ba a cire ta daga abu face ta muzanta shi. Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha. Ka zaunar da shi bayan la'asar, kai da shi kawai, ka ce ya ba ka labarin tun daga farko, ka saurara har ya gama ba tare da ka katse shi ba. Sannan ka tambayi sunayen, ku ware wanda zai bari gaba ɗaya, ku yanka lokacin karatu, wayar kuma ta riƙa kwana a ɗakinka.

Batun jita, ka gaya masa ba za ka saya ba, ka kuma faɗa masa dalilin yadda na kawo maka shi, har da saɓanin, don in ka ɓoye zai gano a intanet ya ɗauka yaudararsa ka yi. Amma kada ka rufe ƙofa ka bar shi a tsaye. In murya ce da shi, Annabi (SAW) ya ji karatun Abu Musa Al-Ash'ari ya ce an ba shi sarewa daga sarewun iyalan Annabi Dawuda. Ka kai shi wurin gwanin tajwidi da ke shirya yara musabaƙa, inda zai samu sa'o'insa. In tsara kalma ce ke burge shi, ga rubutacciyar waƙa da Nana Asma'u da Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu suka bar mana, ana rera ta ba ganga ba tsirkiya. Ka kuma bar shi ya gayyato abokan karatunsa gida, ko da za su cika maka zaure da surutu.

Idan bayan wannan ka ga salla ta fara kufce masa, ko haddarsa na zubewa, ko ya koma wa waɗanda kuka ware, to kana da ikon karɓe wayar na wani lokaci, ka kuma faɗa masa ranar da za ka mayar masa.

Allah ne mafi sani.