Kusa garau, nesa dishi-dishi: amsoshin likitan ido

Likita, ɗana mai shekara 11 yana karanta littafi lafiya lau, amma rubutun allo sai ya matsa gaba yake gani. Idonsa ne ya raunana? (Maman Sadiƙ, Zariya)

Hajiya, da alama idon tsawo ya ƙara, ba rauni ya yi ba. Kin san gilashin nan da yara ke ɗagawa a rana su ƙona takarda? Sai an riƙe shi a daidai tazara hasken ke taruwa a ɗigo ɗaya. Aka matsa kaɗan, ya baje. Haka ido yake. Fata mai sheƙi da ke gaban baƙin ido, tare da madubin da ke bayanta, su ke lanƙwasa haske su tara shi a kan labulen bayan ido, wanda likitoci ke kira ratina. Ƙwayar idon babba kusan milimita 24 ce daga gaba zuwa baya. In ta zarce haka, hasken abin nesa sai ya taru tun bai kai labulen ba, ya iso a baje. Na abin kusa kuwa ya fi taruwa can baya, sai ya faɗa daidai. Ƙarin milimita 1 kacal na iya jawo tabarau mai lamba kusan -3. Ki kai shi a auna.

An rubuta mini -2.00. Me lambar ke nufi, kuma me ya sa nake gani sosai in na ƙanƙance ido? (Wani ɗalibi, Maraɗi)

Raba 100 da lambarka. Kai iyakar ganinka garau santimita 50 ce, mai -4 kuma 25. Alamar ragin na nufin gilashi mai siririn tsakiya da kaurin gefe, wanda ke ɗan buɗa haske kafin ya shiga, wurin taruwarsa ya koma kan labulen. Ƙanƙance ido kuwa rage ƙofar haske ne, sai bajewar ta ragu. Huda takarda da allura ka leƙa, za ka sha mamaki.

Kakarmu ta ce tabarau na cinye ido, a bar shi a sa zuma da kwalli. (Wata baiwar Allah, Kano)

Allah ya ƙara wa Kaka lafiya, amma a nan ban bi ta ba. Lambar yaro kan hau ne saboda idonsa na girma tare da jikinsa, da tabarau ko babu, kuma yawanci takan tsaya bayan shekara 20. Zuma ba ta rage tsawon ido, wani kwallin ma akwai dalma a ciki. Karas da manja suna maganin dundumi, wannan ciwo ne daban.

Abin da ke taimaka wa yara shi ne wasa a waje kamar awa 2 a rana. Taiwan, inda matsalar ta yi katutu, ta sa makarantunta yin haka tun 2010. Mu da rana ta ishe mu, abin kunya ne mu kulle yara a ɗaki da waya.

Wanda lambarsa ta kai -6, ya riƙa zuwa duba labulen idonsa duk shekara. In ya ga walƙiya, ko wani duhu na saukowa ta gefe, ya nufi asibitin ido a ranar.