Jirgina Yana Kewaye Kamar Ruwa A Mazurari

TAMBAYA: Malam, na haɗa ƙaramin jirgi mara matuƙi mai farfela huɗu, da ƙwaƙwalwar Pixhawk da manhajar ArduPilot. Da hannu yana tashi lafiya lau, amma da na sa shi a Loiter don ya tsaya wuri ɗaya, sai ya hau kewaye, da'irar tana ƙara faɗi. Ina matsalar take?

AMSA: Ɗan'uwa, kamfas ɗinka nake zargi. GPS yana faɗa wa jirgin inda yake, kamfas kuma ina ya fuskanta. Idan kamfas ya yi ƙarya, duk gyaran da jirgin zai yi sai ya karkace, shi ne wannan kewayen. Yawanci manyan wayoyin batir ne ke rikita shi, domin wutar da ke bi ta cikinsu tana haifar da maganaɗisu. Ka ɗaga GPS da kamfas a kan ɗan sanda nesa da wayoyin, ka sake saita kamfas a fili, ba kusa da mota ko rodi ba.

Kuma kada ka yi gaggawa. Fara da Stabilize (tuƙi da hannu, jirgin yana daidaita kansa kawai), sannan AltHold (yana riƙe tsayinsa da kansa), sai Loiter, yatsanka na kan makunnin sauya yanayin tashi don ƙwace iko.

Kafin ka gwada RTL, wato ya dawo gida da kansa, duba tsayin da aka sa masa. Ni na bar nawa a mita 15, bishiyar da ke tsakaninmu kuwa ta fi haka. Da gora na sauko da shi, farfela biyu a karye.