Me yasa marubuta ke son labarin ɗan talaka da aka raina

Malam, ka tambaya me yasa littattafai suka cika da labarin ɗan talaka da kowa ya fidda rai dashi amma ya zama wani abu. Ni a ganina rainin ne yafi jan marubuta, yunwa in an ƙoshi ana mantawa amma ranar da malami ya kalli yaro yace "kai ba inda zaka" wannan maganar tana binsa har furfura wallahi.

Ka duba marubucin Ingila Charles Dickens, yana ɗan shekara 12 a 1824 aka ɗaure babansa saboda bashi, shi kuma aka turashi kamfanin man goge takalmi a Landan yana manna takarda jikin kwalabe, kuma bayan an saki baban nasa, mamansa ta so ya cigaba da aikin, abin bai taɓa barin zuciyarsa ba, shi ya zuba a littafinsa David Copperfield.

Abinda ke ɓata min rai shine littafin da zai nuna kamar ƙoƙari kaɗai ya isa, a manta da wanda ya ara wa yaron littafi ko ya biya masa kuɗin makaranta, alhali yara da yawa masu ƙwazo irinsa sun tsaya a hanya don basu samu mutum ɗayan nan ba.