Amsa kan Bill Willis, mutumin da ke cikin hoton

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, na ji tambayarka kan hoton nan da na tura, wai wane ne Bill Willis, kuma ko ɗan gaba ne mai zura ƙwallo. A'a, ba irin ƙwallonmu ba ce. Ta Amurka ce, wadda ake sa kwalkwali ana rungume ƙwallo a hannu. Shi ɗan layi ne. Ka ga ƙartin nan da ke durƙusawa gaba da gaba kafin a saki ƙwallo? To su ke nan. Aikinsu ture da tare hanya, wani sai ya shekara hannunsa bai taɓa ƙwallon ba.

An haife shi a Columbus, jihar Ohio, a 1921. Ya yi wasa a jami'ar Ohio State ƙarƙashin koci Paul Brown, har suka zama zakarun ƙasa a 1942. To amma ka riƙe wannan: Willis baƙar fata ne, kuma daga 1934 zuwa 1945, babu baƙar fata ko ɗaya a NFL, babbar gasar wannan ƙwallon. Ba a rubuce dokar take ba, masu ƙungiyoyin ne kawai suka rufe ƙofa.

A 1946 Paul Brown ya haɗa 'yan wasan ƙungiyar Cleveland Browns a wata sabuwar gasa daban da NFL, Willis ya je gwaji. Nauyinsa wajen kilo 95, a layi kuwa wannan ƙaramin mutum ne. Aka ajiye shi a gaban mai miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu. Kafin mutumin ya ɗago kai, Willis ya wuce shi. Aka sake, ya sake. Har aka zaci riga ƙwallon tashi yake yi, aka duba da kyau, ashe zafin nama ne kawai. Aka ɗauke shi, shi da wani baƙar fata, Marion Motley, shekara guda kafin Jackie Robinson ya buɗe wa baƙar fata ƙofar babbar gasar besbol.

Nan ne abin yake taɓa ni wallahi. A layi fa jiki da jiki ake yi, a ƙasan tarin mutane inda alƙalin wasa ba ya gani. A taka masa hannu da takalmi mai ƙusa, a zage shi, shi kuma ya san in ya rama, ba shi kaɗai za a kora ba, duk baƙaƙen fata da ke tafe a bayansa za a sake rufe wa ƙofa. Da ƙungiyar za ta Miami a shekarar, a gida aka bar su biyun, saboda dokar wariya ta jihar Florida, inda birnin yake, da barazanar kisa.

Shekara 8 ya yi, 1946 zuwa 1953. Sun ci kofin waccan gasar sau 4 a jere, suka koma NFL a 1950 suka ɗauka. A hanyar kofin, a wasa da New York Giants, wani mai gudu Gene Roberts ya ɓalle ya nufi gida, Willis ɗan layi ya bi shi ya cafke daf da layin ci. Aka tashi 8 da 3, Browns suka yi nasara.

Da ya ajiye wasa, aikin kula da matasa ya kama, har ya shugabanci hukumar matasa ta jihar Ohio. An sa shi a zauren gwarzayen wasan a 1977. A 2007 jami'arsa ta jingine lambarsa ta 99, ba mai ƙara sa ta, a watan Nuwamban da ya rasu.