Zanen Biki a Jikin Mota: Zai Fita Idan an Wanke?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena zai angwance, ina so a zana sunan ango da amarya da furanni a jikin motata don ɗaukar amarya. An ce akwai fentin feshi da ake wankewa ya fita. Da gaske ne, ko zai ɓata min mota? Daga wani mai karatu a Pantami, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya.

Da gaske ne, Malam, kuma iri biyu ne. Akwai na ruwa, wanda sabulu da soso mai laushi ke fitarwa. Akwai na roba, irin su Plasti Dip, da ake ɓarewa kamar leda idan ya bushe. Ƙaramar bindigar da masu zane ke fesa fenti da ita, bakinta bai wuce milimita 0.2 zuwa 0.5 ba, fentin da take zubawa siriri ne ƙwarai, na roba kuwa sai an yi masa shafi huɗu ko biyar kafin ya ɓaru salin-alin. Don haka ga aikin kwana biyu irin na biki, fentin ruwa ya fi dacewa.

Sai dai ba fentin ne abin dubawa na farko ba, jikin motarka ne. Ka shafa tafin hannunka a bonet. Idan ka ga farin gari a hannun, ko fentin ya dusashe ba ya sheƙi, rana ta riga ta cinye fatar saman da ke kare shi. Irin wannan jiki shan launi yake yi, musamman ja da shuɗi a kan farar mota. Za a wanke tas, amma inuwar sunan amarya na nan, duk wanda ya matso zai karanta. Haka ma motar da aka sake wa fenti kwanan nan, a ƙyale ta ta yi aƙalla wata guda.

Idan jikin lafiya lau ne, a wanke, a goga folish, sannan a gwada ɗan ɗigo a gefen ƙofa daga ciki ya kwana. A yi zanen a inuwa, da sassafe. Zafin Gombe a Maris da Afrilu kowa ya san shi: ƙarfe na ɗaukar wuta, fenti ya bushe tun bai zauna ba, wanda ya zauna kuma rana ta gasa shi ya kama. Da damina, ruwa ɗaya ya isa ya mai da furanni zirin kwata.

Kada zane ya hau lamba, fitilu ko gilashin gaba, in ba haka ba ranar biki ka ƙare da yi wa jami'an kiyaye haɗurra bayani a bakin titi.

Washegarin kai amarya a wanke, kada a ce sai an huta gajiya. A jiƙa sosai, a bar shi ya yi laushi kafin a taɓa. Yaran wankin mota in suka ga ya yi gardama sukan ɗauko fetur ko tina, ka tsaya a kansu ka hana, domin tina ba ta bambanta fentin biki da na kamfani.