Ga ƙanenmu da ya ce tunanin gobe ya hana shi barci

Ƙanena, na karanta tambayarka. Ka ce ka gama bautar ƙasa, kana raɓe a ɗakin yayanka a Agege, takardun neman aiki sun tafi shiru, abokan karatunka sai ficewa ƙasashen waje suke yi, kai kuma dare ya yi barci ya ƙi zuwa. Kana so ka san ko wannan fargaba raunin bangaskiya ce.

Ba ita ba ce. Duk wanda ya zauna a Legas 'yan shekarun nan gabansa bai taɓa faɗuwa ba, to wani ne ke ciyar da shi. Da yawanku yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya cinye muku wata 8, kuna fitowa kuma aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na abinci suka hau ba su sauko ba. Abin da kake tsoro yana nan da gaske.

Na san za a turo maka Irmiya 29:11, inda Ubangiji ya ce shirinsa a kanmu na alheri ne. Gaskiya ce. Sai dai ina roƙonka ka fara daga sura 28. Nebukadnezzar ya kwashe mutanen Yahuda zuwa Babila, sai wani annabi mai suna Hananiya ya tashi ya ce cikin shekara 2 kowa zai dawo gida. Wa zai ƙi jin wannan? Irmiya kuwa ya aika musu wasiƙa ya ce shekara 70 ne. Ya ce su gina gidaje su zauna, su shuka su ci, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki, su kuma yi masa addu'a. Cikin wannan wasiƙar aya ta 11 take. Ke nan alkawarin ya zo wa mutanen da aka hana su zaman jiran tashi.

Ban ce Legas Babila ce ba, ko da yake wanda ya taɓa kwana a cunkoson Apapa zai iya yi mini gardama. Amma mu da muka zo daga Arewa mun iya zama da jaka a ɗaure. Mutum ya yi shekaru a Idi-Araba ko Mile 12, bai koyi komai ba, bai ajiye komai ba, kullum “bari dai abu ya buɗe.” Na ga ƙarshen wannan a ikilisiyarmu lokacin da gwamnatin jiha ta hana acaba a Ikeja, Surulere, Apapa da wasu ƙananan hukumomi daga 1 ga Yuni 2022. Samarinmu da dama da babur suke ci. Dukansu sun yi kuka, dukansu mun yi azumi tare da su. Waɗanda suka miƙe da wuri su ne masu zubin adashi da masu wata sana'a a hannu, ko gyaran janareta ko ɗinki. Sauran wasu sun koma gida, wasu har yau muna tallafa musu daga baiko. Addu'arsu ɗaya ce, abin da suka yi da ranakunsu kafin lokacin ne ya bambanta.

Don haka digirinka yana nan, ci gaba da neman aikin ofis, amma kada ka ba shi yininka duka. Ni wayarin wuta nake yi, kuma yanzu yaron da ya iya haɗa sola ba ya rasa kira. Akwai gyaran waya a Computer Village da ke Ikeja. Je ka durƙusa wa mai sana'a, ko da bai kai ka karatu ba. Abin da ka samu, komai ƙanƙantarsa, sa hannu a cefanen gidan yayanka; rabin nauyin da ke ƙirjinka kunyar cin abincin wani ce. Kuma ka buɗe baki. Bayan sujada ka sami dattawa da iyayenmu na Zumuntar Mata ka faɗa musu abin da ka karanta da abin da kake nema. A garin nan aiki ta bakin mutum yake zuwa fiye da ta takarda.

Fita waje ba zunubi ba ne, in ta hanyar gaskiya ce. Ka dai kiyayi Hananiyoyin zamaninmu: mai cewa ka shuka “iri” na kuɗi biza ta fito cikin wata uku, da dillalin da zai bi da kai ta Agadas zuwa Libiya. Mun yi zaman makokin wanda ya bi hanyar nan, gawar ma ba mu gani ba.

Sai maganar dare. Annabi Iliya, bayan abin da Allah ya yi ta hannunsa a Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya roƙi mutuwa. Duba 1 Sarakuna 19: mala'ika bai yi masa faɗa ba, abinci da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya sake kwanciya. Kai ma ka ci abinci, ka ajiye waya da wuri, domin hotunan abokanka a Kanada ba sa nuna bashin da ke wuyansu. Bulus yana kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa cewa su kai roƙonsu ga Allah tare da godiya. Ni yadda nake yi, ina ambaton damuwar da sunanta, kuɗin haya ne ko rashin lafiyar mahaifiya a gida, ɗaya bayan ɗaya, in ware wadda zan iya taɓawa da safe, sauran in bar wa Allah.

In kuwa rashin barcin ya ɗauki makonni, abinci ya fita ranka, ko ka fara jin gara ka mutu, kada ka tsaya ga azumi kaɗai. Gaya wa yayanka da fastonka a ranar, su raka ka wurin likita. Akwai asibitin gwamnatin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Yaba, kuma masu damuwa irin taka ma ana duba su a can. Na taɓa raka wani ɗan mawaƙanmu, yanzu shi ke koya wa yara kiɗa ranar Asabar.